Likita a Gaban Kyamara: Barin Kira Ne Ko Faɗaɗa Hidima?

Gabatarwa

Duk wanda ke zaune a Majidaɗi, ko a wata unguwa ta Jalingo, ya san abin da zuwa ganin likita yake nufi. Mutum yakan yi sammako ya nufi Asibitin Tarayya, wato FMC, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ya yanki kati, ya sami benci ya zauna, wani lokaci har rana ta take kafin a kira sunansa. A kan bencin nan zai tarar da waɗanda suka taso daga Karim Lamiɗo ko Bali, har da waɗanda suka baro Gembu tun jiya. Ganawar da aka sha wannan wahala dominta kuwa ba ta cika wuce 'yan mintoci ba, gama akwai jama'a da yawa a baya suna jira.

A irin wannan wuri, labarin likitan da ya ajiye duba marasa lafiya ya koma gidan talabijin yana ba da rahoto a kan lafiya ba ƙaramin al'amari ba ne. Waɗansu za su ce ya guje wa wahala ne ya bi suna. Waɗansu kuma za su ce mutumin da dā yake magana da majinyaci ɗaya a ɗaki yanzu yana magana da dubbai a cikin gidajensu, saboda haka hidimarsa ta ƙaru. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Amma akwai wani abu da dukansu ba su cika lura da shi ba, kuma a kansa ne hukuncin ya rataya: kuskuren da likita ya yi a asibiti yakan dawo ya same shi, amma kuskuren da ya yi a talabijin yakan tafi ke nan.

Waɗanda Suka Bi Wannan Hanya

A Amurka da Ingila ne wannan sauyin aiki ya fi samun gindin zama, saboda haka daga can ya kamata a ɗauko misalai. Dokta Timothy Johnson, wanda aka haifa a 1936, ya fara karatun tauhidi ne a birnin Shikago, aka naɗa shi fasto a ekklesiyar Evangelical Covenant, sa'an nan ya shiga makarantar likitanci ya gama a 1969. Ya yi aiki a sashen taimakon gaggawa kusa da birnin Boston. A 1972 ya soma gabatar da shirin lafiya a wani gidan talabijin na birnin, a 1975 ya shiga shirin safe na gidan ABC, daga 1984 kuma ya zama editan harkokin lafiya na gidan har zuwa 2010. A duk waɗannan shekaru bai yanke hulɗa da makarantar likitanci ta Harvard ba, bai kuwa daina hidima a ekklesiyarsa ba.

A Ingila, Dokta Michael Mosley ya gama karatun likita a Landan, amma bai daɗe a asibiti ba ya shiga BBC a 1985, ya ƙare rayuwarsa yana shirya shirye-shiryen kimiyya da lafiya har ya rasu a 2024. Shi kuwa Dokta Sanjay Gupta, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a birnin Atlanta, ya shiga gidan CNN a 2001, amma ya riƙe aikin tiyata tare da aikin jarida. Ga hanyoyi uku ke nan: wani ya koma talabijin yana jingine da makaranta, wani ya bar asibiti ɗungum, wani kuma ya haɗa biyun.

Hujjar Masu Zargi

Ba daidai ba ne a yi watsi da maganar masu zargi, domin tana da nauyi, musamman a ƙasa irin Nijeriya. Kafin mutum ya zama likita a nan, sai ya yi shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, da shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Wanda zai zama ƙwararre kuwa sai ya ƙara waɗansu shekaru masu yawa. Iyaye sukan sayar da gona da dabbobi domin wannan karatu, gwamnati takan ɗauki babban kaso na kuɗinsa, marasa lafiya talakawa kuma su ne suka ba da jikinsu aka koyi aikin a kansu. Likita, ashe, yana ɗauke da bashi tun ranar da ya yi rantsuwa cewa lafiyar majinyaci ce za ta zama farkon abin da zai duba.

A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitocin da ke da lasisi a Nijeriya wajen 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun bar ƙasar a cikin 'yan shekarun da suka gabata. Waɗanda suka rage ma sun fi taruwa a Legas da Abuja da sauran manyan birane. Jihar Taraba, wadda aka ƙirƙiro a 1991 daga tsohuwar Gongola, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum wajen miliyan 2.3, a warwatse daga kwarin Binuwai har zuwa tsaunin Mambila. A irin wannan ƙasa, kujerar likita ɗaya da ta zama wofi tana nufin mace mai naƙuda da ba ta sami mai yi mata tiyata da dare ba. Kyamara ba ta iya riƙe wuƙar tiyata, ba ta kuwa iya ɗaura ƙarin jini.

Hujjar Masu Goyon Baya

Duk da haka, wanda ya lura da abin da ke kawo mutane asibiti a wannan yanki zai ga cewa da yawa daga cikinsu rashin sani ne ya jinkirta su har ciwon ya ci ƙarfinsu. Manomin da kububuwa ta sara a gonarsa a Lau ko Karim Lamiɗo yakan ɗaure ƙafar tamau, a tsaga wurin da reza, a shafe kwana biyu ana gwada sassaƙe. Dafin wannan maciji yana hana jini daskarewa, tsagar kuwa ƙara zubar jinin take yi. Abin da ke ceton rai shi ne allurar kashe dafi a kan lokaci. Haka nan zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, kuma Taraba tana cikin jihohin da ya fi addaba a 2024 da 2025. Ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci, alamunsa na farko kuma suna kama da na zazzaɓin cizon sauro. Mutumin da ya san cewa zazzaɓin da ya ƙi jin magani bayan 'yan kwanaki yana bukatar gwaji, ya kuma san amfanin rufe hatsi da daina shanya abinci a bakin hanya, ya riga ya sami rabin kariya.

Tarihin kwanan nan ya nuna ƙarfin magana a fuska biyu. A farkon Agusta 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya bazu ta wayar hannu cewa a sha ruwan gishiri a kuma yi wanka da shi. An tashi mutane da yawa cikin dare domin su yi haka. Rahotanni sun ce aƙalla mutum 2 sun mutu, an kwantar da wajen 20 a asibiti, alhali cutar kanta mutum 8 ta kashe a faɗin ƙasar kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewarta a ranar 20 ga Oktoba na shekarar. Kafin wannan, a 2003, jita-jita a kan rigakafin shan inna ta sa aka dakatar da shi a Kano har tsakiyar 2004, cutar kuma ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta kuɓuta daga asalin ƙwayar cutar. A ɗaya fuskar kuma, a shekarun 1980, zamanin da likitan yara Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, an koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari domin yaro mai gudawa, ta asibitoci da rediyo da talabijin, darasin ya shiga gidajen da likita bai taɓa takawa ba.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a tsohuwar Gongola. A shekarun 1970, shirin lafiya na karkara na Lardin Gabas a Garkiɗa ya horar da mutanen ƙauyuka su koyar da tsabta da rigakafi ta hanyar labarai da waƙoƙi da wasan kwaikwayo, domin likitocin mishan sun gaji da ganin yaro ɗaya yana dawowa da ciwo ɗaya daga rijiya ɗaya. Masu karanta Littafi Mai Tsarki kuma sun san cewa Luka likita ne, amma ba a adana sunan ko mutum guda da ya ba magani ba. Abin da ya bar wa duniya shi ne rahoton da ya rubuta bayan ya bi diddigin al'amura a hankali. Koyarwa, ashe, wani reshe ne na aikin likita tun asali. Rigakafi ya fi magani, rigakafi kuwa da baki ake fara shi.

Abin da Yake Ɓacewa a Hanya

Idan haka ne, ina matsalar take? Tana cikin bambancin da ke tsakanin ɗakin likita da ɗakin watsa shiri. A asibiti, likita yana ganin wanda yake magana da shi. Yakan tambaye shi shekarunsa, ya auna jininsa, ya san ko mace tana da ciki, ya san irin ƙwayoyin da mutum yake sha. Idan ya yi kuskure, majinyacin zai dawo da ciwon ya ƙaru, ko danginsa su zo da tambaya, ko abokan aiki su tayar da maganar a zagayen safe, ko kuma hukumar da ke ba likitoci lasisi ta kira shi. Wannan dawowar kuskure abu ne mai ɗaci, amma ita ce take gyara likita, take kuma koya masa tawali'u.

A talabijin babu wannan. Likita zai iya cewa cin ayaba da lemo yana da amfani ga jiki, maganar kuwa gaskiya ce ga yawancin masu kallo. Amma ga mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, yawan cinsu yana iya tara wani sinadari a jini har ya taɓa bugun zuciya. Zai iya cewa yawancin zazzaɓi yakan sauka da ƙwaya da hutu, wata uwa a Mutum Biyu ta ji haka ta ƙara kwana biyu a gida da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya riga ya hau masa kai. Idan yaron ya rasu, ba wanda zai kai labari gidan talabijin. Uwar ma ba lalle ta danganta abin da maganar da ta ji ba. Abin da ke dawowa wurin mai gabatarwa shi ne yabo, da gaisuwa a kasuwa, da lissafin yawan masu kallo. Waɗannan kuwa suna auna daɗin shiri ne, ba sa auna ko wani ya warke.

Mutumin da ya shekara goma ba ya jin komai sai yabo yana cikin hatsari, kome kyawun niyyarsa. Maganar likita mai gaskiya cike take da “ya danganta” da “ba a tabbatar ba tukuna”, talabijin kuwa ta fi son magana mai kaifi ɗaya da za ta hana mai kallo sauya tasha. Labarin Dokta Mehmet Oz ya isa darasi. A dā ƙwararren likitan tiyatar zuciya ne a Niyok, ya gabatar da shirinsa daga 2009 zuwa 2022. A Yuni 2014 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya yi masa tambayoyi masu zafi a kan yadda yake kambama magungunan rage ƙiba. A Disamba na shekarar, mujallar likitoci ta BMJ ta buga binciken waɗansu masana na Kanada da suka auna shawarwari 80 daga shirin: sun sami hujjar da ta goyi bayan kashi 46 cikin 100, hujja ta saɓa wa kashi 15, ba su sami hujja ba a kan kashi 39. Ba ilimi ne ya gaza wa wannan likita ba. A ɗakin tiyata ba zai yarda ya yi aiki da rabin tabbaci ba, domin sakamakon yana kwance a gabansa.

Akwai kuma maganar kuɗi. Gidan talabijin da talla yake rayuwa, masu sayar da magani kuma suna cikin manyan masu talla. Duk mai sauraron rediyo a Arewa ya saba jin tallar magani guda da ake cewa yana warkar da basir da ciwon sukari da hawan jini da rashin haihuwa gaba ɗaya, ko da yake doka ta ce sai hukumar NAFDAC ta amince kafin a tallata magani. Likitan da shirinsa ya dogara ga irin waɗannan kuɗi zai iske harshensa ya yi nauyi a ranar da ya kamata ya faɗi gaskiya a kansu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abu na uku shi ne mutuncin majinyaci. A Janairu 2010, bayan girgizar ƙasa a Haiti, Dokta Gupta ya yi wa wata yarinya 'yar shekara 12 tiyata a cikin jirgin ruwan sojan Amurka, shi da waɗansu likitocin talabijin kuma aka nuna su suna duba waɗanda suka ji rauni. Ba wanda ya ce da sun bar mutane su mutu. Tambayar da masana aikin jarida suka yi ita ce, sa'ad da mai ba da labari ya zama jarumin labarin, wa ake yi wa hidima? Talakan da ke kwance yana bukatar taimako ba ya iya ce wa likitansa kada a ɗauki hotonsa. Amincewar da aka karɓa daga bakin wanda ba shi da zaɓi ba cikakkiyar amincewa ba ce.

Ma'aunin da Ya Dace

Daga waɗannan duka za a ga cewa komawa talabijin ba laifi ba ne a kan kansa, ba kuma lada ba ne a kan kansa. Ya zama hidima idan likita ya gina wa kansa, da gangan, abin da zai maye gurbin gyaran da asibiti yake yi masa ba da son ransa ba.

Da fari, ya bar ƙafa ɗaya a asibiti in da hali, ko da kwana ɗaya ko biyu ne a mako. Wannan yana rage asarar da jama'a suka yi, yana kuma sa kunnensa ya ci gaba da jin ainihin tambayoyin mutane. A wuri kamar Jalingo, inda likitoci ba su wadata ba, wannan ce hanyar da ta fi kusa da adalci: likita ya ba da sa'a guda a mako a gidan talabijin na jiha ko NTA, ko ma a rediyo, wadda ta fi isa ƙauyukan da babu wutar lantarki, sa'an nan ya koma wurin majinyatansa. Wanda ya bar asibiti gaba ɗaya kuwa, wajibi ne ya riƙa miƙa abin da zai faɗa ga abokan aikin da ke duba marasa lafiya kullum, ya kuma ba su izinin su tsawata masa.

Na biyu, ya raba hannunsa da kuɗin masu sayar da magani, ya kuma bayyana wa masu kallo duk wata alaƙa da ke tsakaninsa da wani kamfani ko asibiti. Na uku, idan ya gane ya faɗi abin da ba daidai ba, ya gyara shi a cikin shirin, da murya ɗaya da wadda ya yi kuskuren, domin magana zarar bunu ce, kuma wadda aka watsa wa dubbai sai a gaban dubbai take gyaruwa. Na huɗu, ya san iyakar abin da za a iya yi daga nesa. Amsa mafi aminci ga mai bugo waya yana kwatanta ciwonsa sau da yawa ita ce a gaya masa alamun hatsari, a kuma nuna masa inda zai je a duba shi. Na biyar, ya yi magana da harshen da jama'a ke ji, Hausa ko Fulatanci ko Mumuye ko Jukun, ba Turancin da ke burge 'yan boko ya bar masu bukata a duhu ba.

Rayuwarsa ma tana cikin saƙon. A Oktoba 2014, Dokta Nancy Snyderman ta gidan NBC ta dawo Amurka daga Laberiya bayan mai ɗaukar hoton da ke aiki tare da su ya kamu da Ebola. Ta yarda za ta keɓe kanta na kwana 21, sai aka gan ta a waje kafin wa'adin ya cika. Ta nemi gafara, amma amincewar jama'a ba ta dawo ba, ta bar aikin a Maris 2015. Jarin likitan talabijin ɗaya ne tak, wato yardar da mutane suka ba farar riga, yardar kuwa dubban likitoci da nas-nas da ba a san sunansu ba ne suka tara ta a bakin gadaje. Aro aka ba shi.

Kammalawa

Masu kallo su ma suna da nasu hakki. Ya kamata mai karatu ya riƙa tambaya, duk sa'ad da ya ga likita a talabijin ko a wayarsa: shin wannan mutum yana sayar da wani abu ne? Yakan yarda cewa akwai abin da ba a sani ba? Yana tura mutane asibiti, ko yana hana su zuwa? Wanda ya yi alkawarin warkar da kowace cuta da kwalba ɗaya, a guje shi, ko da takardun shaidarsa sun cika bango.

Ga matashin likita kuma da ke tunanin wannan sauyi, tambayar da ta fi kowace wuya ita ce wadda ba mai iya amsa masa: me yake nema a can? Gajiya da kwanan asibiti, da ƙarancin albashi, da rashin kayan aiki, duk dalilai ne na gaske, ba abin kunya ba ne mutum ya ambace su. Amma ya kamata ya kira su da sunansu, kada ya lulluɓe su da sunan hidima. Idan kuwa ya bincika zuciyarsa ya iske cewa abin da ke damunsa shi ne yawan waɗanda suke isowa asibiti a makare saboda ba wanda ya gaya musu, to, ya tafi da lamiri mai tsabta, ya kuma tafi da rantsuwarsa. Sai dai ya riƙa tunawa cewa a cikin masu kallonsa akwai wata uwa da yaro mai zazzaɓi a cinyarta, tana jiran ta ji ko ta tashi ta tafi asibiti a daren nan ko ta bari sai gobe, kuma ba zai taɓa sanin abin da ta zaɓa ba. Allah ya ba likitoci hikima da aminci a duk inda aiki ya kai su.